Labarin Fim a Tambayi Fasta

Wanda ya taɓa sayen kaset ko faifan fim a Kasuwar Dole ta Damagaram, ko ya tsaya gaban mai baje faifai ranar kasuwa a Zermu, ya san cewa ciniki yakan ƙare tun kafin a karanta sunan fim. Da yawa cikin masu saye ba su yi karatun boko ba, amma ba a cika sayar musu da abin da ba su zo nema ba. Hoton da ke kan kwali, da fastar da aka liƙa a bangon shago, su ne rubutun da suke karantawa, kuma rubutu ne mai ƙa'idoji.

Idon Bahaushe ya fara koyon wannan karatu ne a ƙofar gidajen sinima, inda fina-finan Indiya suka daɗe suna cin kasuwa. Fastar Mother India ta 1957 ta nuna jaruma Nargis ɗauke da garmar noma a kafaɗa, fuskarta cike da wahala. Hoto ɗaya ya isa manomi ya gane cewa labarin uwa ne da ƙasa da haƙuri. Da fim ɗin bidiyo na Hausa ya kunno kai a Kano da Turmin Danya a 1990, ya kuma bunƙasa bayan Sangaya a 1999, masu zanen fasta sun gaji launi mai ƙarfi da manyan fuskoki daga Indiya, sannan suka ɗora nasu alamun.

Namiji a tsakiya, mata biyu a gefe sun juya wa juna baya: kishi ke nan. Rawani da alkyabba da dogari sarauta ce, laya da ƙwarya da jan ƙyalle kuwa boka na nan tafe. Saurayi da budurwa cikin tufafi iri ɗaya a tsakiyar lambu alkawarin waƙa da rawa ne. Babbar alama kuwa ita ce fuskar ɗan wasa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ba ya bukatar bayani; ganinsa kaɗai na cewa camama ce, a shirya dariya. Tufafi ma magana suke yi, musamman bayan kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, lokacin da mayafi da rashinsa suka zama abin lura ga hukuma da iyaye.

Amma nan ne raunin yake. Tun da fuska ce ke jawo kuɗi, sai aka riƙa cusa fuskoki bakwai ko takwas a takarda ɗaya, har da wanda bai wuce fitowa biyu ba. Irin wannan fasta tana faɗin wa ke ciki, ta yi shiru game da abin da fim ɗin ke son faɗa. Mai saye da aka yaudara sau biyu yakan daina yarda da hoto, daga nan fim mai kyau ya sha hukuncin marar kyau.

Yau kaset ya tafi, faifai ya ja baya, fasta ta koma ɗan hoton da ke gaban bidiyo a YouTube, inda ake yawan ganin hawaye da zare ido da babu su a cikin labarin. Ɗalibanmu na karanta irin waɗannan hotuna a waya fiye da yadda suke buɗe littafi. Malamin Hausa zai iya kawo tsohon kwalin fim cikin aji, ya rufe sunan da tafinsa, ya tambayi yara wane labari aka yi musu alkawari, kuma da wace alama suka gane. Ƙungiyoyin al'adu kuma su tattara fastocin da suka rage a shaguna kafin gara ta cinye su, domin cikinsu akwai tarihin abin da ya ba mu dariya da abin da ya sa mu kuka tun daga 1990.