Red Dead Redemption 2: Gem Ɗin da Ya Gagari Tsararsa

Gardamar masu buga gem ba ta ƙarewa. Wannan ya ce God of War ne sarki, wancan ya ce har gobe ba a yi kamar GTA V ba, na gefe kuma ya rantse ba ya taɓa komai sai ƙwallo, ko FIFA ko PES. Kowa da gwaninsa, ban hana ba. Amma ni in aka tambaye ni, ba na ko tsayawa tunani: Red Dead Redemption 2 ne, kuma ratar da ya ba na biyu ba 'yar kaɗan ba ce.

Kamfanin Rockstar Games ne ya fitar da shi ranar 26 ga Oktoba, 2018, a PlayStation 4 da Xbox One, sannan ya iso kwamfuta a watan Nuwamban 2019. Cikin kwana uku na farko aka yi cinikin dala miliyan 725. Duk wanda ya zauna da shi sosai ya san ba a banza mutane suka yi masa wannan rububi ba.

Labarin a Amurka yake, shekarar 1899, lokacin da zamanin kaboyi ke shirin shuɗewa. Layin dogo da wayar tangarahu da hukuma sun cinye dajin da 'yan fashi ke ɓuya a da. Kai ne Arthur Morgan, na hannun daman Dutch van der Linde, shugaban wani gungun 'yan fashi, wanda ya ɗauke shi tun yana matashi ya koya masa karatu da harbi. Wani fashi da suka je yi a garin Blackwater ya ɓaci, suka tsere cikin duwatsu ana zuba dusar ƙanƙara, jami'an bincike na Pinkerton na bin sawunsu. A nan ake miƙa maka linzami.

Kuma linzamin gaske nake nufi, don in za a yi maganar wannan gem, dole a fara da doki. Kai jama'a, dokin Red Dead! A wasu wasannin, doki mota ce kawai aka yi wa ƙafa huɗu. A nan kuwa rai ne da shi. Sai ka share masa jiki in ya yi ƙura, ka ba shi ciyawa ko karas, ka shafa wuyansa in ya ji gurnanin kerkeci ya firgita. Yadda kake kula da shi, haka shaƙuwarku ke ƙaruwa, har mataki huɗu, kuma kowane mataki da sabon abin da zai yarda ya yi maka. Manyan bindigoginka a jikin sirdinsa suke, in ka yi masa fito kana nesa sosai ba zai ji ba. In kuwa aka harbe shi ba ka da maganin farfaɗo da shi a jaka, shi ke nan ya tafi, babu dawowa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake tattalin doki kafin hawan Sallah a Kano ko Katsina zai gane cewa waɗanda suka ƙera wannan gem sun san abin da ke tsakanin mahayi da dabbarsa. Je ka gefen tafkin Isabella cikin tsananin sanyi ka lallaɓa ka kamo farar goɗiyar Larabawan nan, sannan ka dawo mu yi magana.

Ita kanta ƙasar da ake yawo a cikinta abin kallo ce. Akwai nau'in dabbobi da tsuntsaye da kifaye kusan 200, kowanne da halinsa. In ka harbi barewa da bindigar da ba ta dace ba ka ɓata fatar, farashinta ya faɗi. In ka ɗaure gawar a bayan doki ka yi ta yawo, za ta ruɓe. Bindigar da ka daɗe ba ka sa wa mai ba sai ƙarfinta ya ragu. Gemun Arthur yana tsirowa, in ya ci da yawa ya yi ƙiba, in ya hau dutse da rigar shan iska sanyi ya galabaitar da shi. Ka tashi daga Valentine, garin dabbobi mai laka har idon sawu, ka ratsa fadamun da kadoji ke kwance, ka shiga Saint Denis, birnin da aka kwaikwayo daga New Orleans, da hayaƙin masana'antunsa da fitilun titi, sai ka ji a jikinka dalilin da ya sa Arthur ke ƙyamar birni.

Sai sansanin gungun. Nan ne gem ɗin ya sace zuciyata gaba ɗaya. Pearson na kan tukunyar miya, dattijo Hosea Matthews na ba da shawarar da ba a ɗauka, Javier na kaɗa jita a bakin wuta da dare. Ba a tilasta maka ka zauna da su, amma za ka zauna. Sadie Adler, wadda aka kashe wa miji a farkon labarin, a gabanka za ta rikiɗe daga mai takaba zuwa wadda maza ke shakka. Micah Bell kuwa, tun ganin farko jininka ba zai haɗu da nasa ba, kuma da gaskiyarka.

Dutch shi ne darasi. Mutum ne mai zaƙin baki, kullum yana da shiri, kullum saura fashi ɗaya su tara kuɗi su haye Tahiti su yi noman mangwaro. A hankali, ba tare da an nuna maka da yatsa ba, za ka ga mutane na mutuwa saboda alkawarin da ba zai cika ba. Ban taɓa ganin gem da ya zana yadda shugaba ke cin amanar mabiyansa da irin wannan gwaninta ba.

Wanda bai buga ba ya tsallake wannan sakin layin. Akwai wani aiki da ake tura Arthur karɓo bashin da Leopold Strauss, ɗaya daga cikin gungun, ke bayarwa da ruwa. Ya je ya lakaɗa wa wani talaka mara lafiya, Thomas Downes, duka, mutumin ya yi tari a fuskarsa. Ka manta da abin, sai can gaba likita ya ce tarin fuka ne. Hannun da ya yi zalunci, ta nan ajali ya shigo. Daga nan Arthur ya fara lissafin abin da ya shuka, kai kuma gem ya bar maka zaɓi: ka gyara abin da ya saura, ko ka ci gaba da ɓarna. Duk gaisuwar da ka yi wa baƙo, duk wanda ka taimaka a hanya, ana auna maka, kuma hakan na sauya yadda labarin zai ƙare.

Roger Clark, wanda ya yi muryar Arthur da motsinsa, ya karɓi kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin The Game Awards na 2018. A daren, gem ɗin ya kuma lashe na labari, da na tsarin sauti, da na kiɗan da Woody Jackson ya tsara. Babbar kyautar ta shekara kuwa God of War aka ba. Ina girmama jaruminsa Kratos da gatarinsa, faɗansa akwai daɗi ba ƙarya, amma har yau ban yafe wa alƙalan nan ba. GTA V gudu ne da raha, kana ajiyewa ka manta. The Witcher 3 na 2015 ne kaɗai nake ganin ya matso kusa wajen labari, shi ma ƙasarsa ba ta numfashi kamar wannan.

Masu suka na cewa yana da nawa: Arthur sai ya buɗe durowa ɗaya bayan ɗaya, fiɗar dabba sai ka tsaya ka kalla, babin tsibirin Guarma kuma ya ja. Na Guarma na yarda da su. Sauran kuwa ai nan daɗin yake. Gaggawa aikin Shaiɗan ce, kuma wannan gem bai san ta ba.

Abu biyu ka sani kafin ka saya. Yana cin wurin ajiya kusan gigabait 100, shi ya sa na PlayStation 4 ya zo da faifai biyu. Sannan na manya ne, akwai jini da giya da ashar, kada a miƙa wa yara. In ka cika sharaɗi, nemi lokacin hutu, ka caja hannun gem, ka bar tsallake hanya, ka riƙa karanta littafin da Arthur ke rubutu da zane a ciki. Maki goma cikin goma na ba shi, kuma da akwai na sha ɗaya da na ƙara.