Araha Ba Ta Ado: Gidajen Da Muke Gani A Finafinanmu

Kwanan baya na zauna kallon wani fim da aka ce labarin zamanin sarakunan da ne. Ba zan faɗi sunansa ba, domin laifin ba na mutum ɗaya ba ne. Fadar sarkin da aka nuna, ginin bulo ce aka shafa wa fenti ruwan ƙasa, aka zana dagi da buroshi a bango. A bayan waziri kuma ga makunnin lantarki yana leƙen mu. Wallahi sai kunya ta kama ni, kamar ni na shirya.

Jama'a, wannan ciwon ba a lokeshan ya tsaya ba, a unguwanninmu ya faro. Dubi sababbin gidajen da ake ginawa: ginshiƙan Rumawa na siminti waɗanda ba su ɗauke da komai, sai tayil mai kama da dutse da silin mai kama da katako. Kowane abu yana kwaikwayon wani abu. Da azahar kuwa ɗakin kamar tanda, in ba wuta sai kowa ya fito waje.

Alhali muna da namu. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830 da tubali da azara, kuma har yau masana gini na nazarin bakan gizonsa. A Yama ta Jamhuriyar Nijar, masallacin ƙasa da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Waɗannan magina sun san dalilin kowane abu. Bango mai kauri yana tsare zafin rana. Azarar giginya gara ba ta cin ta da sauƙi. Makuba daga ɗorawa tana kare bango daga ruwan sama.

To me ya haɗa wannan da fim? Gida shi ke tsara labari. A gidan Bahaushe baƙo a zaure yake tsayawa, ba ya zarce shigifa sai da izini. Nan ake zance da sulhu, nan kuma uba ke tare saurayin da bai yarda da shi ba. Da furodusa ya ari katafaren gidan wani alhaji ya cusa labarinsa ciki, sai ka ga saurayi ya faɗo falon surukinsa kai-tsaye ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Kunya ta tafi, rikicin da ya kamata ya riƙe mai kallo ma ya tafi. Sai a cike gurbin da rawa a gindin fulawa, irin ta Indiya. Ko marubutan littattafanmu ba su tsira ba: shafi uku ana lissafa kujerun Dubai, amma ba ka san ina ƙofar gidan take ba.

Na san abin da za a ce: "Malam, babu kuɗi." Gaskiya ne, tun daga Turmin Danya a 1990 wannan sana'a da ƙaramin jari take tafiya. Kuma ban ce kowa ya koma ginin ƙasa ba, domin yana bukatar yaɓe akai-akai. Amma nawa ne kuɗin ɗaukar hoto a lungunan cikin birnin Kano, ko Zariya, ko Damagaram? Wanda ya ga Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda ya fito a 1976, ya san yadda soro na gaske ke cika ido.

Darakta, kafin ka kunna kyamara, tambayi kanka: mutumin da ke cikin labarina, a irin wannan gidan zai kwana? In amsar a'a ce, tattara kayanka ka nemi wani gidan. Zanen aro dai ba ya rufe katara, kuma 'ya'yanmu ta waɗannan hotunan za su san yadda muka rayu.