Aljannar Phil Collins a Kunnen Mutanen Katako

A watan Nuwamba na 1989 mawaƙin Ingila Phil Collins ya fitar da faifansa na huɗu, mai suna "...But Seriously". Sunan yana nufin wasa ya ƙare, za a shiga magana ta gaske. Collins, haifaffen Landan a 1951, ya fara suna ne a matsayin makaɗin ganguna na ƙungiyar Genesis tun 1970, kafin ya zama mawaƙinta. A wannan faifai ya haɗa kiɗan rok mai laushi da salon sol na baƙaƙen Amurka, ya kuma kai bakinsa ga talauci da zalunci. Faifan ya yi makonni 15 a kan gaba a Birtaniya, kuma waƙarsa "Another Day in Paradise" ta ci kyautar Grammy a 1991.

A Yamai, inda kaset ɗin ya shiga taksi da shagunan tela a shekarun 1990, babu wurin da ya fi dacewa a auna shi kamar kasuwar Katako. Can ne ake narka tsofaffin gwangwanaye a zuba tukwane, ake buɗe tsohuwar duro a mayar da ita akwati, ake yanka tayar mota a fitar da takalmi ko guga. Can kuma almajirai ke ratsa rumfuna da kwano a hannu. Mai son sanin ko waƙar talauci ta faɗi gaskiya, sai ya saurare ta a tsakiyar wannan ƙarar guduma.

Ta fuskar kiɗa, faifan ya cancanci yabo. Masu busa na Phenix Horns, waɗanda suka yi suna tare da Earth, Wind & Fire, sun buɗe shi da zafi a "Hang in Long Enough". Jitar Eric Clapton a "I Wish It Would Rain Down" tana kuka kamar muryar mutum. Collins makaɗi ne kafin ya zama mawaƙi, ya san inda ake dukan ganga da inda ake barin ta ta yi shiru. Muryarsa siririya ce, ba ta da faɗin muryoyin Motown da yake ƙauna, amma ba ya tilasta mata abin da ya fi ƙarfinta.

Tangarɗar tana cikin waƙar da ta fi shahara. Labarinta gajere ne: wata mata marar matsuguni ta roƙi wani mai wucewa taimako, shi kuwa ya yi kamar bai ji ba. Daga nan mawaƙin ya juya ga mai sauraro, yana tunatar da shi ni'imar da yake ciki. Matar ba ta da suna, ba ta da dangi, ba a san abin da ya fitar da ita titi ba. Da ƙoshasshe ake magana, ita kuwa hujja ce kawai. Ga shi kuma an lulluɓe labarin da fiyano mai sanyi da amshin David Crosby, har wanda ba ya jin Ingilishi zai rantse waƙar soyayya ce. A ƙasar da Faransanci ne harshen lekol a lokacin, daɗin sautin ya riga ma'anar isa kunne.

Bambancin yana fitowa fili idan aka ajiye ta kusa da "Waƙar Karen Mota" ta Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya waƙe yaron mota, ya san aikinsa, ya san dattin rigarsa da wulaƙancin da yake sha, har ya iya yi masa ba'a ba tare da ya zubar masa da mutunci ba. Collins ya hango talaka ne daga tsallaken titi, Ɗan Maraya kuwa ya zauna da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Duk da haka, kuskure ne a yi watsi da faifan don mai shi attajiri ne, kamar yadda wasu masu sharhi a Ingila suka yi. Laifin da ya zana, wato kawar da kai, ba na Turawa kaɗai ba ne. A Katako ana ba da sadaka, ana kuma sallamar mai bara da addu'a, amma sabo ma yana makantar da ido: yaron da ake gani kullum da kwano a ƙarshe ba a ƙara tambayar inda yake kwana. Waƙar "Colours", mai kusan minti 9, ta soki mulkin wariyar launin fata watanni uku kafin a saki Nelson Mandela ranar 11 ga Fabrairun 1990. Kwana biyu kafin wannan rana aka harbi ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai. Matasan da suka sayi kaset ɗin a wancan lokaci ba baƙin zalunci ba ne.

Saboda haka malamin da zai shigar da wannan faifai aji, ko ƙungiyar al'adu da za ta tattauna shi, kada su tsaya ga fassara kalmomi. Ya kamata a saurari Collins, a saurari Ɗan Maraya, sannan a tambayi ɗalibai wane ne ke magana a kowace waƙa, da wa ake yi, kuma wa aka bari ba suna. In an tashi daga aji, sai a nemi kowane ɗalibi ya je ya tambayi sunan almajirin da ke zuwa ƙofar gidansu da garin da ya fito.