Jinjina ga Masu Wazifa a Ƙasar Kazaure

Daga Karkarna, hedikwatar Yankwashi, har Roni da Gwiwa, da wuya ka ratsa gari bayan magariba ba ka jiyo amon hailala daga wani masallaci ba. 'Yan Tijjaniyya ne sun shimfiɗa farin ƙyalle sun kewaye shi suna wazifa: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, sannan Jauharatul Kamali. Kullum ta Allah, rani da damina.

Ba su ƙaurace wa duniya ba, abin da ya fi burge ni ke nan. Dattijon da ke jan baƙi a gonar gero ya yini, hannun da ya sha fartanya shi ke jan carbi. Safe da yamma ga lazimi, ranar Juma'a bayan la'asar kuma a zauna zikiri har rana ta faɗi.

Mai ɗarikar, Shehu Ahmadu Tijjani, ya rasu a Fas a 1815. Failar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha kuwa ta Kano ta biyo, bayan haɗuwarsa da Sarki Abdullahi Bayero a hajjin 1937.

'Yan Ƙadiriyya masu bandiri, ku ma ba a manta da ku ba. Sannunku da ƙoƙari, malamai, Allah ya karɓa.