Tsokaci a Kan Ma'anonin Kalmar "Meander" da Matsalar Fassara ta Zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba ma'anonin kalmar Ingilishi "meander", tare da yin tsokaci a kan yadda wasu masu fassara kan mayar da ita "gantali" ba tare da la'akari da muhallin da ta fito ba.

2.0 Asalin Kalmar

Kalmar ta samo asali ne daga Mayandaros, sunan da Girkawa suka ba wani kogi da ke yammacin Turkiyya ta yau, wanda ake kira Buyuk Menderes yanzu. Kogin ya shahara da yawan lanƙwasa, har masanin labarin ƙasa Sitirabo ya ambata cewa akan kira duk abin da ya cika lanƙwasa da sunansa. Kalmar ta shiga Ingilishi ta hanyar Latin a ƙarni na 16 da ma'anar hanya mai murɗiya. Daga baya ne aka faɗaɗa ta zuwa ga ɗan Adam.

3.0 Ma'anoni da Fassara

Ana iya kasa ma'anoninta gida uku. Ta farko ta shafi kogi ko hanya, inda "kwana-kwana" ta wadatar. Ta biyu ta shafi mutum mai tafiya a natse ba tare da ya nufi wani wuri ba. Ta uku ta shafi zance ko rubutu mai kewaye-kewaye.

Matsalar ta fi fitowa a ma'ana ta biyu. A Hausa, "gantali" da "gararamba" da "ragaita" suna ɗauke da zargi, domin wanda aka jingina wa su ana ganin sa marar aikin yi. Ita kuwa "meander" siffar tafiya take bayyanawa, sau da yawa ma da jin daɗi a ciki. Dattijon da ke zagaya lambunsa da la'asar yana iya shiga ƙarƙashinta, amma duk wanda ya ce gantali yake yi ya ci mutuncinsa. A nan "zagayawa" ko "miƙe ƙafa" sun fi dacewa.

4.0 Kammalawa

An ga cewa kalma ɗaya ta Hausa ba za ta ɗauke waɗannan ma'anoni uku ba. Saboda haka ya kamata masu tsara ƙamus su ware kowace ma'ana da misalinta, su kuma nuna kalmomin da ke ɗauke da zargi, don kada mai fassara ya ɗora wa mutum laifin da marubuci bai ɗora masa ba.