Daga Garaya Zuwa Jita: Yadda Ake Sauya wa Tsohon Kiɗa Gida

A shekarar 1888 wani makaɗin fiyano ɗan Italiya, Ferruccio Busoni, ya ɗauko wani kiɗa da Bach ya tsara wa ogan, babban abin kiɗan coci mai bututun iska, ya mai da shi na fiyano. Kiɗan kashi biyu ne: share fage, sai fuga, inda murya ɗaya ke ɗauko take, ta biyu ta karɓa tun ta farko ba ta sauke ba, su yi ta bin sawun juna. Ogan yana riƙe sauti muddin yatsa na danne, har da ƙafa ake kaɗa shi. Fiyano kuwa, da an buga, sautin ya fara mutuwa. Dole ta sa Busoni ya ninka muryoyin ƙasa, ya cika hannu biyu da nauyi da kumbura irin na zamaninsa, abin da Bach, wanda ya rasu tun 1750, bai taɓa ji ba.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Maraɗi. Wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ta Ɗan Isa a shekarun 1990 ya sha jin muryar Sa'adu Bori a motocin haya da rumfunan masu kaset. Abin da ya yi shi ne ɗauko kiɗan bori daga garaya da goge da ƙwarya, ya ɗora shi a kan jita da fiyanon lantarki da gangunan Turawa. Faifan da ya fitar tare da Moussa Poussy a 1994, Niamey Twice, ya kai salon har Turai.

A nan ma sai da aka biya diyya. A fagen bori kowane iska da takensa, na Sarkin Rafi daban, na Ɗan Galadima daban, kuma mai garaya idonsa na kan doki, wato wanda iska zai hau: ya ga jiki ya fara rawa, sai ya matsa wa tsirkiya, masu ƙwarya su ƙara wuta, a yi ta maimaita take har iska ya hau. Ba agogo ke yanke tsawon kiɗan ba. Kaset ba ya jiran kowa. Mintoci kaɗan ne, dole a yi mabuɗi, a yi amshi, a rufe. Goge kuma yana zamewa tsakanin sautuka, fiyano ba shi da wannan hanya. Abin da ya cike gurbin shi ne jitar ƙasa mai kauri da bugun ganga mai tsayayyen taku, wanda ya sa matasan da ba su taɓa zama a fagen bori ba suka taka rawa.

Masu cewa an ɓata na asali sun manta cewa Bach da kansa ya juya kiɗan wani makaɗi, Vivaldi, zuwa ogan. A ganina sabon ba ya gadon tsohon, aiki ne na biyu da za a auna shi da nasa ma'auni, kuma na Sa'adu ya ci awo.

Inda muke da gyara wuri ɗaya ne. A Turai har yau ana rubuta sunaye biyu a haɗe, Bach-Busoni. Ƴan situdiyon Maraɗi da Kano da ke ɗora tsofaffin taken su Shata da Ɗanƙwairo a kan fiyano, ku riƙa faɗin mai kiɗan na farko.