Baƙo a Bakin Ƙofar Linux: Sharhi a Kan Wata Maƙala ta Neal Stephenson

Gabatarwa

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye kulawar yau da kullum da yake ba Windows 10. Magajiyarta kuwa, Windows 11, ba ta yarda ta hau kan tsofaffin kwamfutoci da dama, domin tana buƙatar wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Wannan ya sa mutane masu lafiyayyun na'urori, waɗanda ba su taɓa tunanin sauya uwar manhaja ba, wato manhajar da ke gudanar da kwamfuta baki ɗaya, suka fara tambayar ko Linux za ta karɓe su. Tambayar tsohuwa ce, kuma rubuce-rubuce a kanta suna da yawa, amma kaɗan ne daga cikinsu suka cancanci a yi musu nazari irin na adabi. Ɗaya daga cikin kaɗan ɗin ita ce doguwar maƙalar marubucin ƙagaggun labarai na Amurka, Neal Stephenson, mai suna In the Beginning... Was the Command Line, wadda ta fito a 1999, da farko a intanet, daga baya a matsayin ɗan littafi. Abin da wannan sharhi zai duba shi ne yadda maƙalar ta siffanta sabon shiga, da kuma ko kamancen da ta ɗora hujjarta a kansu suna iya ɗaukar nauyin da aka aza musu.

Kasuwar Motoci da Ma'anar Kyauta

Kamancen da ya fi shahara a maƙalar shi ne na wata mararraba mai dillalan motoci huɗu. Microsoft shi ne babban dillali, yana sayar da manyan motocin iyali marasa kyan gani masu yoyon mai. Apple yana sayar da motoci masu tsada da ƙawa, waɗanda aka liƙe murfin injinsu don kada mai su ya leƙa ciki. Na uku shi ne kamfanin Be, wanda aka sayar da kadarorinsa a 2001, saboda haka ba sai an tsaya a kansa ba. Na huɗu kuwa ba kamfani ba ne. Taron mutane ne da suka kafa tantuna a wani fili suna ƙera tankokin yaƙi, suna jera su a bakin hanya da makullai a jiki, kowa ya ga dama ya shiga ya tuƙa abinsa ba ko sisi. Wannan ita ce Linux. Duk da haka mafi yawan masu saye suna wucewa kai tsaye zuwa wurin babban dillali. Da wani daga cikin maƙeran ya tare mai saye, sai mai sayen ya ce shi bai san gyaran tanka ba. Aka tuna masa cewa ai motar iyalin ma bai san gyaranta ba, har aka yi masa alkawarin 'yan sa-kai za su zo gidansa su gyara yana barci. Nan take mutumin ya tsorata, ya ce kada wanda ya kusanci gidansa.

Ko shakka babu wannan siffantawa ta yi armashi, kuma ita ce ta raya maƙalar har yau. Sai dai marubucin ya tsara zancen ne don a yi wa mai saye dariya, alhali idan an lura hujjar mai sayen ba ta wawa ba ce. Bahaushe na cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda ya biya kuɗi ya sayi haƙƙin komawa ya yi ƙorafi, wanda aka ba kyauta kuwa sai dai ya roƙa. Mai sayen yana tsoron kayan da ba su da wanda za a kama ne idan sun lalace, kuma maƙalar ba ta ba wannan tsoro amsar da ta wuce zolaya ba.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi harshe. Turanci yana da kalma ɗaya da ke ɗauke da ma'ana biyu waɗanda Hausa ta raba su sarai, wato kyauta da 'yanci. Richard Stallman, wanda ya shelanta aikin GNU a 1983 kuma ya fitar da lasisin GPL a 1989, ya sha nanata cewa ma'ana ta biyu yake nufi: 'yancin amfani da manhaja, da na nazarin rubutunta na asali a sauya shi, da na rarraba ta, da na rarraba abin da aka sauya. A ƙarƙashin wannan lasisi Linus Torvalds ya sanya Linux a 1992, shekara guda bayan ya sanar da ita yana ɗalibi a Helsinki. Kamancen tankoki ya jingina ne kacokan a kan ma'ana ta farko, ta rashin farashi. Duk malamin da zai fassara wannan labari zuwa Hausa dole ne ya zaɓi kalma ɗaya, kuma da ya rubuta "kyauta" zai ga rabin batun ya zube. Idan kuwa ya rubuta "'yanci", sai wata tambaya ta taso wadda ta fi nauyi: daga cikin 'yancin nan huɗu, nawa ne sabon shiga yake iya morewa? Na farko da na uku suna hannunsa tun ranar farko. Na biyu da na huɗu kuwa suna nan a rubuce da sunansa, kamar gonar gado da ke hannun wanda bai iya riƙe fartanya ba.

Da'awar Adabin Baka

Wurin da maƙalar ta shigo fagen manazarta adabi sosai shi ne inda Stephenson ya yi da'awar cewa Unix, tsarin da aka kwaikwaya wajen gina Linux, ya fi kama da tarihin baka na jama'ar masu rubuta manhaja fiye da hajar kamfani, har ya kwatanta shi da dadaɗɗen labarin Gilgamesh na Mesofotamiya. Hujjarsa ita ce mutane da yawa sun haddace tsarin a ka, ta yadda za su iya sake gina shi daga tushe a duk lokacin da suka so, kamar yadda mai ba da labari yake sake zuba labarin da ya ji.

Ta wata fuskar, tarihi ya goyi bayansa. Ken Thompson da Dennis Ritchie ne suka fara Unix a ɗakunan bincike na Bell a 1969. Daga baya aka sake ƙera shi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, mutanen GNU suka sake rubuta kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, Torvalds kuma ya rubuta sabuwar cibiya ba tare da ya kwafi rubutun asali ba. Jigo ɗaya ke nan a bakin maruwaita daban-daban, kowa da ƙarinsa da raginsa. Haka nan yawan rassan Linux, irin su Debian ta 1993 da Ubuntu ta 2004 da Linux Mint ta 2006, ya yi kama da yadda tatsuniya ɗaya take da siga daban daga gari zuwa gari. Har gajerun sunayen ma'ajiyoyin fayiloli na tsarin, marubucin ya gan su a matsayin kalmomin da yawan amfani ya goge su suka yi sumul, kuma duk wanda ya yi nazarin yadda karin magana ke taƙaicewa a bakin jama'a zai gane abin da yake nufi.

To amma adabin baka ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan kamancen ya yi rauni. Tatsuniya ba ta da shinge. Yaron da ya zauna gaban kakarsa a daren farko yana da cikakken matsayi a wurin, shi ne ma zai amsa da "ta zo mu ji ta" kafin labari ya soma. Akwai kuma wani ilimin na baka, irin na maƙera da masunta da wanzamai, wanda ba a samunsa sai da daɗewa a gaban mai shi, ana zuga zugazugi shekara da shekaru kafin a miƙa wa mutum guduma. Abin da Stephenson ya siffanta na wannan rukuni na biyu ne, amma ya ba shi sunan na farko. Gilgamesh labari ne da ake saurare, Unix kuwa sana'a ce da ake koya. Bambancin ba ƙarami ba ne ga sabon shiga, domin an gayyace shi dandali ne sai ya tsinci kansa a maƙera.

Bugu da ƙari, kiran tsarin na baka ya ɓoye wata gaskiya. Tun a Nuwamba 1971 Unix take da rubutaccen littafin jagora, wanda shi ne asalin shafukan da ake kira da umarnin man har yau. Ga ƙwararre waɗannan shafuka taska ce. Ga baƙo kuwa kamar ƙamus ne da aka miƙa wa wanda bai san kalmar da zai nema ba. Al'adar nan ta kora mai tambaya da cewa ya je ya karanta littafin jagora, wadda ta daɗe tana cikin abubuwan da sababbin shiga ke kuka da su, halin ma'abota rubutu ne.

Baƙon da Ba Baƙo Ba

Stephenson ya ba da labarin ƙaurarsa da muryar wanda aka cuta: a 1995 kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka ta lalata masa wani babban rubutu, daga nan ya juya ga Linux, ya zaɓi Debian. Mai karatu yakan ɗauka labarin ɗan'uwansa sabon shiga yake ji. Amma maƙalar da kanta ta nuna cewa tun yana makarantar sakandare a garin Ames na jihar Iowa yake rubuta manhaja da na'urar buga saƙo mai huda takarda. Ke nan wanda ya koma layin umarni gida ya koma. Wahalhalun da ya lissafa na kafa Linux gaskiya ne, amma yana ba da su ne da daɗin bakin mafarauci mai nuna tabon da ya samu a dawa.

Wannan ya fito fili inda ya aro rabon da H. G. Wells ya yi wa 'yan Adam a wani ƙagaggen labarinsa na 1895, ya kasa jama'a gida biyu: 'yan tsirarun da suka san yadda injuna ke aiki, da mafi rinjaye masu jin daɗin hotuna ba tare da sanin abin da ke ƙarƙashinsu ba. Sukar da ya yi wa fuskar hotuna tana da ƙarfi. A matsayinsa na marubuci ya lura cewa kalmomi irin su "takarda" da "ajiye" a kwamfuta kamance ne na yaudara, tunda abin da aka ce an ajiye yakan shafe wanda ya gabace shi, abin da takarda ta gaskiya ba ta yi. Duk da haka rabon gida biyu bai bar wa mai koyo wurin tsayawa ba, alhali shi ne mutumin da ke tsakiya, wanda ya bar gida ɗaya bai isa ɗayan ba.

Akwai wani shingen da marubucin bai gani ba sam, domin harshensa ne. Umarnin cp da mv ragowar kalmomin Turanci ne, mai jin Turanci yana iya hasashen ma'anarsu, wanda ba ya ji kuwa sai ya haddace su kamar lambobi. Haka kuma ya yaba wa tsarin haruffa na ASCII a matsayin mafakar rubutu da ba ta tsufa, ga shi kuwa alamomi 128 ne kacal a cikinsa, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Marubucin Hausa da ya bi wannan shawara a 1999 da ya rasa bambanci tsakanin ƙafa da kafa. Abin sha'awa shi ne maganin ya fito daga gidan Unix ɗin: Ken Thompson da Rob Pike ne suka tsara UTF-8 a 1992, kuma rassan Linux na yanzu suna zuwa da tsarin allon rubutu na Hausa, na Nijeriya da na Gana, wanda mai kafa manhaja zai zaɓa daga jeri.

Zamani ya kuma yi wa maƙalar gyara ta inda mai ita bai zata ba. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya ɗauki nauyinta, da Linux Mint bayanta, sun mai da kafa Linux aikin danna hotuna, har mutum yana iya gwada ta daga filashi ba tare da ya taɓa abin da ke cikin kwamfutarsa ba. Wayoyin Android, waɗanda suka fara fitowa a 2008, suna tafiya a kan cibiyar Linux, masu su kuwa ba su taɓa ganin layin umarni ba. Wato tankar ta samu karɓuwa ne bayan an lulluɓe ta da irin murfin da maƙalar ta soka. Shi kansa Stephenson ya bayyana a 2004 cewa ya rungumi Mac OS X ta kamfanin Apple tun fitowarta, tsarin da ya aza fuskar hotuna a kan tushen Unix, ya kuma yarda cewa maƙalar ta tsufa.